Wa Ke Jiran Motar?

Shekara ashirin da shida ke nan da muka kai Yaya Garba makwancinsa a Kazaure. Har yau idan na ga babbar mota ta wuce fayau ba kaya, shi nake tunawa, don na san da yana nan sai ya ja tsaki.

Lokacin da aka samu 'yancin kai, gyaɗa yake kwasowa daga Gwiwa da Roni zuwa tashar jirgin ƙasa a Kano. Motarsa ɗaya ce tal, tsohuwa mai bodin katako. Abin da ya fi abokan sana'arsa da shi bai wuce kwanon tuwo ba. Kafin kaka ta kama, sai ya tara direba da mai sikeli da mai ɗinkin buhu da Malam Buba, Bafulatanin da ke shugabantar masu jakai, su ci a kwano ɗaya. A nan ake tsayar wa kowa ranarsa. Jakai su fito da gyaɗa bakin hanya, su tarar da buhuna da sikeli, mota ta ɗauka, ta dawo daga Kano da gishiri da kananzir da buhunan zagaye na gaba. Akwai masu mota uku da gyaɗarsu ke kwana a ƙasa. Ta Yaya Garba kuwa sau ɗaya ta taɓa kwana, kuma ni ne sanadi.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, ya bar mini ragama, ni kuwa ina ji da bokona. Wani ɗan kasuwa a Babura ya nemi motar ta kai masa gero, yini ɗaya kacal. Na tura ta, ban ko tuna cewa buhunanmu na cikinta ba. Jakai suka iso Roni da gyaɗar da manoma suka ba Yaya amana, aka zube ta a ƙasa, ga hadarin ƙarshen damina ya haɗo. Da ta jiƙe, ba za a karɓe ta a Kano ba, kuma ba manomin da zai ƙara ba mu ko mudu ɗaya. Malam Buba ne ya bi gida gida yana aron tabarmi da asabari, har buzun sallarsa ya rufa. Ruwa ya sauka, gefe kaɗan ya taɓa.

Na shiga ɗakin Yaya ina jiran faɗa. Ya dube ni daga kwance.

"Malam ɗan boko, da ka tura motar, wa ke jiran ta?"

"Ban tambaya ba, Yaya."

"To, gobe ka je ka ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Har jakan."

Na je, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da shekarun man fetur suka zo, gyaɗa ta ja baya, matasa suka nufi birni, masu mota uku suka watse. Yaya bai girgiza ba. Ya koma ɗaukar gero da wake, yana dawowa da siminti da takin zamani, da mutanen nan nasa da kwanon nan nasu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, kowa da waya a hannu, direba na Babura ana ganin inda yake daga Kazaure. Ina jin zai yi murna, don ya tsani jira. Amma zai ce waya ba ta sa mutum ya cire buzunsa ya rufa wa kayanka.

Motar katakon ta daɗe da zama tarihi, jakai ma babura sun karɓe musu aiki. 'Yar Yaya, Binta, ita ce ke riƙe da sana'ar yanzu, kuma hankalina kwance yake da ita. Kwanan baya na nemi ta ara mini mota ta kai min itace. Ta russuna ta ce, "Baba, a yi haƙuri sai jibi. Gobe akwai masu jiran ta a Roni."

Na koma gida ba itace, ina murmushi. Allah Ya jiƙan Yaya.