Mutumin Yumɓu da Kwamfutar Kawu Sani

Sana'ata gyaran kwamfuta, a wani ɗan shago kusa da tashar Illela. Duk ranar da zan sake ɗora wa kwamfuta babbar manhajar da ke tafiyar da ita, akwai inda takan tsaya ta tambaye ni: a bar wa mai ita kayansa da saitinsa, ko a share komai? Abokan sana'ata ko karantawa ba sa yi, sharewa kawai suke yi, don ta fi sauri kuma ba ta da ciwon kai. Ni kuwa, da gemuna da 'ya'yana uku, sai gabana ya faɗi. Laifin Kaka ne, Allah Ya jiƙanta.

Kaka mahaifiyar babanmu ce, 'yar garin Araba, kuma ba ta san tatsuniyar lallashi ba. Da an sauke tuwo bayan magariba takan jawo kujerarta gindin murhu, ta binne mana dankali cikin toka, mu biyar mu kewaye ta muna ture juna. Ni take sa wa ido, don ta san ni ne mai raunin zuciya.

"Angona matsoraci, matso nan kar a ɗauke min kai," in ji ta. Sannan ta rage murya. "Ga wata tahe. Wa ka tarbon ta?"

"Mu ka tarbon ta, Kaka!"

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta wani falke mai jakuna da ke zuwa arewa ɗauko kanwa. Wata rana a hanyar dawowa ya rufta tsohuwar rijiya, ya kakkarye, ba inda ke motsi a jikinsa sai ido da baki. Wata tsohuwa mai ginin tukwane, wadda ke zaune ita kaɗai a dajin, ta jawo shi waje. Ta dube shi ta ce jikin nan ya gama aiki, amma za ta iya gina masa sabo da yumɓu, ta gasa.

"Sai dai wuta na cinye dut abin da ag ga kanka," Kaka ta faɗa da muryar tsohuwar, tana nuna mu da tsinken tonon dankali. "Ba abin da ka tsira sai wanda kaz zuba cikin goran ga."

Falke ya fara zubawa. Ya zuba sunansa, da na uwarsa, da na matarsa da 'ya'yansa. Ya zuba hanyar gida, da iyakar gonarsa, da karatun salla. Tsohuwa ta girgiza gora ta ce akwai sauran wuri. Ya ce ai saura tarkace ne. Sau uku tana tambaya, sau uku yana cewa ta yi sauri, jakunansa na jira. Ta toshe gora, ta gina wa falke jikin yumɓu, ta tura shi cikin wuta.

Ya fito garau, fuska tasa, murya tasa. Ya isa gida aka yi ta murna, sai uwarsa makauniya da ke zaune bakin ɗaki ta kasa kunne. Ɗanta yakan ja ƙafar hagu in yana tafiya. Yakan yi gyaran murya sau biyu kafin ya yi sallama. Ba ya shan kunun tsamiya sai ya yi mita. Wannan kuwa ya shigo tsaf, ya karɓi kunu ya shanye bai ce uffan ba. Ta kira shi, ta shafa fuskarsa, ta ji ta da sanyi kamar gefen randa.

"Wanga ya san sunan ɗana, ya san gonatai," in ji Kaka a hankali da muryar uwar, "amma ba shi na ba."

Daga ranar matarsa ta daina haɗa ido da shi, 'ya'yansa suka riƙa ɓuya in ya shigo. Ƙarshe aka kulle masa ƙofa. Muka tambayi Kaka ko ya mutu. Ta ce gasasshen yumɓu ba ya mutuwa. "Shina nan har yau, shina bin gidaje, shina sallama, shina hwaɗin sunan kowa daidai."

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Kwana da kwanaki, duk maraicen da Baba ya dawo daga kasuwar Ƙonni ya yi sallama a zaure, sai in ƙame in kasa kunne. Ba na amsawa sai na ji ya buga takalmansa a bango kamar yadda ya saba. Kaka na kallona tana ƙyalƙyala dariya, ko tausayi babu.

Shekaru sun ja, Kaka ta rasu, na je Sakkwato na koyo gyara, na ɗauka na bar mutumin yumɓu a gindin murhu. Sai bara Kawu Sani, yayan mahaifiyata, ya aiko a kira ni. Shi ke buga wa 'yan kasuwar albasa takardun fita da kaya, da wannan yake ci da gidansa. Idonsa na dama ya tafi, na hagu kuma ba ya gani sai ta ƙasa, ta gefe. 'Yarsa Rabi ce ta zauna da shi ta daidaita masa kwamfutar: rubutu manya-manya, rawaya a kan baƙi, kibiyar nuni ƙatuwa, duk abin da yake buɗewa ta tara masa a kusurwar ƙasa ta hagu inda idon ke kaiwa. Rabi ta rasu wajen haihuwa. Ba wanda ya san abin da ta taɓa da abin da ta bari, har shi Kawun.

Wutar janareto ce ta ƙone babban farantin cikin kwamfutar, wanda muke kira bod. Na samo wani na sa. Amma tsohuwar manhajar ba ta san sabon bod ba, takan tashi da ƙyar, ta yi 'yan mintuna ta mace. Dole a sake ɗora ta. Maƙwabcina a sana'a ya leƙo ya ce, "Kwashe takardunai ga filashi ka share ta. Mi kaka jira?"

Na kwashe takardun, har na kai hannu zan share. Sai na dubi 'yan alamomin buɗe takardu da Rabi ta cunkushe a kusurwa, ba kyan gani, irin abin da kowane mai gyara zai kira tarkace, na janye hannuna. In na share, Kawu zai karɓi kwamfuta mai ɗauke da duk takardunsa, ya zauna gabanta bai ga komai ba.

Hanyar da ke barin saiti ba ta yiwuwa sai kwamfutar na raye, daga cikinta ake farawa. Sau huɗu tana macewa kafin in kai wurin tambayar. A na biyar na samu na zaɓi a bar komai. Daga nan sai jira, ga batirinta ya daɗe da lalacewa, in janareton maƙwabta ya yi tari tsakiyar aiki komai na iya dagulewa. Na je na tsaya kan mai janareton na roƙe shi kar ya taɓa shi ko da man ya yi ƙasa, na sayo lita biyu na ajiye masa. Tun azahar har la'asar sakaliya ina zaune ina gumi, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

A wannan zaman ne na gane abin da Kaka take nufi. Da ina yaro, tsorona kada mutumin yumɓu ya shigo gidanmu. Ban taɓa tunanin wata rana ni za a miƙa wa goran ba, kuma mai shi ba zai iya gaya mini abin da zan zuba ba. Manyan abubuwa kowa na tunawa da su. Ƙananan, waɗanda wani mai ƙaunarka ya zauna ya lura da su, su ne ke salwanta ba a sani ba, sai an zo nema.

Da ta kammala ta tashi, rawaya a kan baƙi. Na kai wa Kawu da kaina. Ya karkata kai, ya kusanto da idon hagu, ya ja ƙatuwar kibiyar zuwa kusurwa, ya buɗe takardar da ya bari rabi.

"Umaru, mi kag gyara?" ya ce. "Ban ga an taɓa komi ba. Tana nan yadda Rabi tab bar min ita."

Na ce masa ɗan abu ne, Kawu. Na fita zaure na zauna.