Barau Mai Ɗumama Kujera

"To in motar ta tashi da ni fa, Alhaji?" in ji Barau.

"Sai ta tashi mana. Makarar gawa ce?" Alhaji Sada, shugaban tashar Birnin Kudu, ko ɗagowa bai yi ba daga goron da yake ɓarewa. "Mutanen gwamnati sun ce ba ruwansu da na zaune, wanda mota ta fita ƙofa da shi za su ƙirga. Direba ya sauke ka a bayan gari, ka dawo ka shiga wata."

"Ai ka san ƙafar nan, Alhaji."

"Ta taɓa hana ka zuwa gaban tuwo? In ba za ka iya ba, ajiye jakar. Masu so suna nan."

Barau ya ƙara ƙanƙame jakar. Tsummoki ne a cikinta, amma ita ce abincinsa. Mutumin Surko ne, da shanunsa a da, ciwon bushiya ya share su a shekara guda. Wata rijiya kuma da ya shiga yasa ta rufta ta bar masa ɗingishi. Da ya shigo gari neman abin yi, aka ga yana da fuskar dattawa, sai aka ba shi sana'ar zama. Yakan sa wankakkiyar riga ya shiga motar da ba kowa, ya ɗora jaka a cinya. Fasinja ya leƙo ya ga mutum, ya ce mota ta kusa cika, ya shiga. In ta cika da gaske, Barau ya ce bari ya kama ruwa, ya sulale. Tun ana Jihar Kano yake wannan zama har aka yi Jigawa, bai taɓa jin mota ta gangara da shi ba.

Yanzu ga shi gwamnatin tarayya tana so ta san yawan masu doguwar tafiya, na mota da na jirgin ƙasa da na sama, don ta san inda za ta shimfiɗa hanya da inda za ta ba da motoci. Alhaji Sada ya ji an ce tashar da ta fi jama'a ita za ta samu sababbin bas, shi kuwa ya rantse ba za a kai su Gwaram yana gani ba.

Mai ƙidayar saurayi ne, Malam Ƙasimu, mai ladabi. Ya tsayar da motar Kano a bakin ƙofa ya sunkuyo ta taga.

"Baba, sannu. Ina aka nufa?"

"Kano."

"Fatauci ko ziyara?"

Ba wanda ya koya wa Barau wannan amsar. Ya ji bakinsa ya ce, "'Yata zan gano. Zahara'u. A Kurna take aure." Gaskiya ne tana can. Ɗakinta ne bai taɓa gani ba.

"Allah ya kiyaye hanya. Da jirgin ƙasa zai zo kusa, za ka hau?"

"Zan hau," in ji Barau, har da murmushi.

Mota ta ɗauki hanya, iska ta bugi fuskarsa, gonakin dawa suna gudu baya. Daɗin bai daɗe ba. Maikuɗi direba, wanda tun yana kwandasta yake kwaikwayon tafiyar Barau, ya wuce inda aka ce ya tsaya, ya yi ta zuba wuta sai wajen Kangire.

"Sauka, Alhajin Kurna! Ka gaishe da Zahara'u!"

Fasinjoji suka yi ta kallo. Barau ya kamo hanya da rana tsaka, yana jan ƙafa. Da ya iso, ko ruwa bai sha ba aka sauya masa hula aka tura shi motar Azare. Washegari motar Jos. Sauran direbobi suka ji labari, abin ya zama gasa, kowa na so a ce shi ya fi kai gurgu nisa. Masu tallan gyaɗa a bakin titi suka fara yi masa "Maraba da mutanen Kano!" Ƙafar ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ya riƙa tafiya da ɗaya a hannu. Bai yi ƙorafi ba. Ya ce a ransa kwanaki ne, za su wuce, kujera na nan.

Suka wuce kuwa. Masu ƙidaya suka tattara suka nufi Gwaram. Ranar kasuwa Barau ya wanke riga ya shiga motar Kano, ya zauna kamar kullum.

Hajiya Rahamatu, mai fataucin man gyaɗa daga Sara, ta leƙo. Ta dube shi, ta ja da baya.

"Af! Wannan ba shi ne ake zubarwa a hanya ba? Ku fito, motar nan wayam take, na haya ne a ciki!"

Wasu mutum biyu da suka riga suka zauna suka sauka da kayansu. Tasha ta ɗauki dariya. Aka gwada shi a wata motar, nan ma wani ya nuna shi da baki.

Alhaji Sada ya kira shi gindin darbejiya. "Fuskarka ta ƙone, Barau. Ko akuyar garin nan ta san ka."

"Kai ka ce in fita, Alhaji."

"Na ce ka fita, ban ce ka yi talla ba. Kawo jakar."

Barau ya tsaya riƙe da ita. Wani ɗan kamasho ya zare ta daga hannunsa ya miƙa wa wani baƙon tsoho mai farin gemu, wanda tun safe yake zaune a benci yana jira.

"Ni fa, Alhaji?"

"Maikuɗi na neman ruwan lagireto. Famfon tasha ya ƙafe, sai na bayan kasuwa."

Barau ya dubi wasu jarkoki guda biyu da ke ajiye a gindin darbejiyar. Ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki ɗayar ma don kada a ce ya gaza. Ya bi ta tsakanin motoci ya nufi bayan kasuwa.