Fiton da Ya Hana Kawu Jin Rediyo

Kawu direba ya tsufa da tsohuwar motarsa, ya san tarinta kamar na matarsa. Da 'yarsa ta saya masa sabuwa mai turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, bai taɓa sakin jiki da ita ba.

Wata rana ya ɗauko jikokinsa daga makaranta. Suna hawan gada injin ya fara fito, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe, ga tirela ta danno su a baya.

"Kaka, wuta ce?" in ji ƙaramarsu.

"Ku riƙe juna!"

Da ƙyar ya gangara gefe. Bakanike ya ce baƙin mai ne bai kai ga turbo ba, ya gyara. Amma har yau Kawu ba ya kunna rediyo a mota, injin yake saurare.