Malam Iliya da Sifikar Mahaifina

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Iliya, maƙwabcinmu a unguwar Abbaganaram. Mutumin kudancin Borno ne, malamin firamare mai ritaya, kuma shi ke kula da kayan sautin cocinsu. Mahaifina kuwa dillalin shanu ne. Abotarsu ta girme ni.

Da idon Baba ya tafi, rediyo da kaset ɗin tafsiri suka zame masa abokan hira. Sai kunnen ma ya fara nauyi. Wuta ba ta zuwa sai ta ga dama, don haka da batirin mota muke kunna 'yar amfilifayarsa, wato na'urar ƙara sauti. Yakan manna kunne jikin sifika har wuyansa ya ƙage. Daga baya ya daina cewa a kunna, ya koma zaman shiru a zaure, abinci ma sai an lallashe shi.

Na ƙudurta sayo masa sifika mafi girma a garin. Malam Iliya ya ce zai raka ni, ya sa amfilifayar da kaset guda a jaka. A wani shago a unguwar Bulabulin na nuna wata ƙatuwa mai fitilu, an rubuta lambar wat mai yawa a goshinta, wato ma'aunin ƙarfin wuta.

"Modu, wannan lambar wutar da za ta iya ci take faɗa maka," in ji shi. "Mu muna neman wadda za ta yi ƙara da ɗan abin da muke da shi."

Ya ciro alli, ya yi alama a maɓallin ƙarar, ya hana kowa taɓawa. Ya dinga jona sifikokin ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna min wata lamba a bayansu mai nuna ƙarar da wat ɗaya ke fitarwa, amma ya ce kunne ne alƙali. Kusan awa biyu wannan dattijo Kirista yana tsugune yana sauraren tafsiri, yana tambayata ko haruffan Larabcin na fita sarai, tunda shi bai san su ba. Mai fitilun da ƙyar ta yi gunaguni. Wadda ta cika shagon da sauti wata tsohuwa ce mai akwatin katako, gefenta ma a ƙwarzane. Ita muka saya.

A gida ya ɗora ta kan benci daidai kunnen Baba. Aka kunna. Baba ya ɗago kai ya ce, "Iliya, ɗan rage."

Yau farantan sola sun hau rufin gidaje da yawa, kuma na san da Malam Iliya yana raye zai yi murna da su. Amma akwatunan sautin da ake haɗawa da waya, masu dukan ƙirji har gilashi ya yi rawa, da girgiza kai zai yi. Da zai tambayi mai shago ko tsoho zai iya gane magana a ciki.

Malam Iliya bai bar dukiya ba, kuma ban da unguwarmu da ɗalibansa kaɗan ne suka san shi. Abin da na riƙe shi ne shekara huɗun da Baba ya ƙara a duniya yana cin tuwonsa, yana gardama da masu karanta labarai, dattawan layi na taruwa a zaurenmu bayan la'asar. Duk lokacin da na yi wa Baba addu'a, sai fuskar abokinsa ta zo min tare da tasa.