Bindiga a Bayan Liman

Har yau ban manta da ƙarfe ɗaya da minti ashirin na ranar wata Laraba ba, a cikin kullen annoba na shekarar 2021. Mu uku ne a ɗakin: ni, da abokin aikina Nura, da wani ɗalibi mai suna Mubarak. Ɗakin yana hawa na goma sha bakwai a wani dogon gini a Bukit Jalil. A ƙuguna ta baya, ƙarƙashin riga, akwai ƙaramar bindiga wadda babu wanda ya san da ita sai ni. Zan bi labarin a jere, domin ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu ku gane yadda aka yi na kai ga haka.

Sunana Haruna. Na yi shekara goma sha huɗu a sashen jin daɗin jama'a na wata ƙaramar hukuma a gida kafin wata ƙungiya mai kula da baƙin ɗalibai ta ɗauke ni aiki a Kuala Lumpur. Karatuna bai wuce sakandare da kwas na wata tara ba, amma na san aiki. Nura ya zo ya same ni. Na girme shi da shekara goma sha shida. Yana da digiri biyu, yana jin yaren Malay kamar a nan aka haife shi. Ni na koya masa cika takardar ziyara, amma kafin shekara ta zagayo masu gadin gine-gine sun san sunansa, ni kuwa sai sun duba katina. Iyaye idan sun bugo daga Kano, sai ka ji sun ce, "Don Allah a ba mu Malam Nura." Ni nake ɗaga wayar, ni nake miƙa masa.

Da kulle ya yi tsanani, aikinmu ya koma kai abinci da duba waɗanda zaman kaɗaici ya taɓa. Wata rana a matakalar wani gida a Cheras, maza biyu suka tare ni da adda, suka ƙwace kayan abincin da wayata. Ba su ji mini rauni ba, amma daga ranar ƙafata ba ta son matakala. Shugabarmu, wata 'yar ƙasar da muke kira Puan, ta ce a taro, "Malam Haruna ya huta da Cheras. Nura zai riƙa zuwa." Nura ya je, ya dawo yana dariya, har da ragowar abincin da wata tsohuwa ta ƙunsa masa. A makon ne kuma na ji ana cewa shi za a ba shugabancin masu ziyara.

In zan faɗi gaskiya, ba tsoro kaɗai ya kai ni wurin wani ɗan kasuwa da ba zan ambaci sunansa ba. Na so in koma Cheras in taka matakalar nan a gaban kowa. Ya ba ni aron bindigar, ya nuna mini yadda ake sarrafa ta. Na san dokar ƙasar nan sarai: wanda aka kama da bindiga ba izini, shekaru ne masu yawa a kurkuku, har da bulala. Na sani, na karɓa. Kwana tara ina yawo da ita.

Yanzu ga ƙa'idar ziyarar mutumin da ake tsoron zai cutar da kansa. Na farko, ma'aikata biyu ne suke zuwa. Na biyu, ana riƙe takardar izinin wuce shingen 'yan sanda. Na uku, da an shiga, ana tattara duk abin da zai iya yin illa, wuƙa ko igiya ko tarin magani, a fitar da shi daga ɗakin. Na huɗu, ba a barin mutumin shi kaɗai sai likita ya gan shi.

Mubarak ɗan shekara ashirin da uku ne. Abokan zamansa sun koma gida kafin a rufe hanya, shi ya rage. Ya rubuta wa mahaifiyarsa cewa ya gaji da rayuwa, sannan ya kashe waya. Da ya buɗe mana ƙofa, ya rame, gashinsa ya cukurkuɗe. Bai ko dube ni ba.

"Yaya Nura, kai ne?"

"Ni ne, ango. Ga shinkafa da kaza na tapau maka, na sa an ƙunso maka a hanya. Ka makan, ka ci tukuna, sai mu yi faɗan."

Yana ci, Nura ya shiga kicin ya kwaso wuƙaƙe uku da almakashi, ya zuba a jakarsa, ya kai wa mai gadi a ƙasa. Ni ne ma na tuna masa da almakashin. Na tsaya a tsakiyar ɗakin ina duba ko an bar wani abu mai haɗari, na sa hannu a takarda cewa ɗaki ya tsarkaka.

Lokacin azahar ya yi. Masallatai a rufe suke, don haka a ɗakin za mu yi. Mubarak ya ce ya yi kwanaki bai yi salla da kowa ba. Ya shimfiɗa darduma, ya ce, "Yaya Nura, ja mu."

Wannan kalma ta soke ni fiye da addar Cheras. Waya an ba shi, Cheras an ba shi, shugabanci yana hanya, yanzu har limanci, ina tsaye da furfurata. Na ce, "Akwai babba a wurin."

Nura ya ja da baya nan take. "Wallahi haka ne. Bismillah, Baba Haruna."

Na shiga gaba. Ga kuskuren da ban lissafa ba. Duk rayuwata da doguwar riga nake salla, mai rufe mutum har gwiwa. Rigar ofis kuwa gajera ce, iyakarta ƙugu. Kwana taran nan ni kaɗai nake salla a ɗakina, babu kowa a bayana.

Na yi raka'a huɗu cikin natsuwa, har ina jin daɗin cewa yau dai Nura yana bayana. Da na sallame na juyo, sai na ga babu wanda ya bi ni. Su biyun suna zaune can jikin bango. Nura ya riƙe wuyan hannun Mubarak da hannu biyu, ya sa jikinsa tsakanina da shi. Abin da ya fara zuwa raina shi ne raini.

"Sallata ce ba ta yi muku ba?" na ce.

Nura bai ɗaga murya ba. "Baba Haruna, ka jingina bayanka da bango, ka bi shi har ƙofa, ka jira ni a waje. Kada ka juya mana baya."

Sai Mubarak ya yi magana, idonsa a ƙuguna. "Tun ruku'un farko na gan ta. Saura kaɗan hannuna ya kai." Ya faɗe ta a sanyaye, kamar mai ba da labarin wani.

Na fita kamar yadda aka ce. Na tsaya a baranda minti hamsin, har motar asibiti ta zo da ma'aikaciyar jinya, suka tafi da shi. A cikin minti hamsin ɗin na lissafa komai: kurkuku, matata da 'ya'yana a Lembah Pantai, da abin da zan gaya wa uwar yaron nan da hannunsa ya kai.

A mota Nura ne yake tuƙi. Na gaya masa inda na samo bindigar, muka nufi can. Akwai shingen 'yan sanda kafin Cheras. Ɗan sandan ya leƙo, ya ga Nura, ya yi masa wasa da yarensu, ya ɗaga mana hannu. Bai ko nemi takarda ba. Ina zaune a kan abin da zai ɗaure ni, farin jinin da nake ƙi ne ya wuce da ni. Ko a lokacin, Allah ya sani, sai da na ji haushi.

Ya tsaya nesa da shagon ɗan kasuwar. "Ka mayar masa yanzu, ina kallo."

Na mayar, na dawo. Na ce, "Za ka kai ni gaban Puan, kujera ta zama taka."

"Baba, kujerar me? Na yanke salla yau saboda kai. Ba zan kai ka wurin 'yan sanda ba, 'ya'yanka suna kirana kawu. Amma ba za ka sake shiga ɗakin kowa ba. Ko ka gaya wa Puan da bakinka, ko ni in gaya mata dalili. Boleh? Ka yarda?"

Washegari ƙarfe tara na shiga ofishinta. Na ce tun abin da ya faru a Cheras tsoro bai bar ni ba, ban dace da ziyara ba. Ta dube ni ta ce, "Me ya hana ka faɗa tun farko? Da mun haɗa ka da mai ba da shawara." Abin da na ɓoye da bindiga, ashe takarda ɗaya ce maganinsa. Aka mayar da ni tebur. Bayan wata biyu aka ba Nura shugabancin, ni na buga takardar naɗin. Mubarak ya warke, ya gama karatunsa. Duk Salla yana kiran Nura. Ni bai taɓa kirana ba, kuma yana da gaskiya.

Na bar aiki na dawo gida, shi ya sa nake iya rubuta wannan. Ba zan ce kishin ya fita gaba ɗaya ba. Har yanzu idan aka yabi Nura a gabana, wani abu yana motsi a ƙirjina kafin in ce Allah ya ƙara masa. Abin da aikin ya koya mini shi ne, duk makamin da ka shiga da shi ɗakin mai rauni, ka kai masa ne, ba kanka ka tsare ba. Na duba kicin, na duba banɗaki, ban duba kaina ba.

Don haka ga roƙona gare ku. Idan tsoro ya kama ku, ku faɗa wa shugabanku a ranar. Kuma kafin ku ƙwanƙwasa ƙofar kowa, ku tsaya ku juya wa abokin aikinku baya, ku ce ya duba ku, ko da ƙaninku ne, ko da shi ne wanda ba kwa son a yaba.