Ranar da Yaya Isufu Ya Kasa Shan Ruwa

Bana shekara goma sha takwas ke nan da rasuwar yayana Isufu, majo, wato babban ma'aikacin jinya, na wani ƙaramin ɗakin shan magani a karkarar Dogarawa, kuma har yau in na ji haushin kare sai gabana ya faɗi.

Karen wani makiyayi ne ya ɗan cije shi a yatsa ranar kasuwa. Ya wanke da sabulu, ya koma bakin aiki, bai yi allurar rigakafi ba. Bayan wata biyu, da hantsi, na miƙa masa ruwa a moɗa. Yana kaiwa baki maƙogwaronsa ya shaƙe, jikinsa ya ɗauki rawa. Ya yi mini wani kallo da ban taɓa gani ba.

"Rabi, ɗauke ruwan ga. Na gane ciwon. Kada ki bar ɗiyana su matso ni."

Haukan kare ne, kuma shi ya fi kowa sanin in ciwon ya kai nan, sai addu'a. Muka nufi asibitin Konni, ina bayan mota riƙe da ƙafarsa, ina tsoron rasa shi, ina kuma tsoron yawunsa. Wannan tsoro na biyu har yau ina jin kunyarsa.

Washegari hankalinsa ya ɗan dawo. Ya ce mini ƙwayar cutar nan ba ta da komai nata, da kayan jikin mutum take hayayyafa. "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa ya sani, ko cikin magungunan da muke da su akwai mai toshe tsagar?" Na ɗauka zafin ciwo ne. Kwana huɗu ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ina jin masana na gwada tsofaffin magungunan wasu cututtuka, ba don su kashe irin waɗannan ƙwayoyi ba, sai don su hana su abin da suke kamawa a jikinmu. Me Yaya zai ce? Ba na jin zai yi saurin murna. Zai ce gwaji ba waraka ba ne, kuma ga cizon kare, har gobe allura da wuri ita ce mafita.

Bai bar mana gadon gida ba, bai bar garke ba. Amma a zuriyarmu, duk wanda kare ya taɓa, ko lasa ce a kan ƙurji, ranar ake kai shi allura, ko ana zuba ruwan sama. Mutum uku na kai da hannuna. Dukansu suna raye.