Matuƙin da Ba a Yi wa Hira

Shekara talatin da biyar ke nan babu abokin aikin da ya tambayi Vernon Tuttle ya iyali. Ba don mugun mutum ba ne. Dogo ne mai sanyin murya, wanda in ka ga yadda yake sauke jirgin kaya a kan ƙanƙarar filin jirgin Anchorage sai ka rantse ƙwai ya ɗauko. Laifinsa ɗaya ne, kuma tsoho: sunansa na cikin ƙaramin littafin.

Duk matuƙin jirgi ya san littafin nan. Sunayen waɗanda suka tafi aiki ne ranar da 'yan'uwansu ke yajin aiki, kuma wanda ya shiga ba ya fita. Vernon ya shiga yana da shekara ashirin da tara, a wani kamfani da tuni ya mutu. An haifa masa 'ya mai ciwon zuciya, inshorar asibiti kuwa tana tsayawa ranar da albashi ya tsaya. Ya sunkuyar da kai ya ratsa ta gaban abokansa ya hau jirgi. Yarinyar ta rayu, yau malamar makaranta ce. Yajin ya karye, mutum ɗari uku suka rasa aiki, cikinsu har da amininsa Gus Lindqvist, wanda ya sayar da gidansa ya yi shekara biyu yana tuƙa motar share dusar ƙanƙara. Vernon bai taɓa kawo zancen 'yarsa don ya wanke kansa ba, domin ya san Gus ma yana da 'ya'ya.

Hukuncin babu zagi babu duka, shiru ne kawai. Awa tara daga Anchorage zuwa Seoul, mataimakinsa zai karanto abin da ƙa'idar aiki ta ce a karanta, ya amsa, daga nan kowa ya kama bakinsa. A otal kuwa, kujerar kusa da shi kullum "akwai mai ita". Abin yana cinsa ƙwarai, ko da bai faɗa ba. Ga shi kuma zaman duniya ya sake haɗa shi da Gus a kamfani ɗaya, Gus ɗin ne ma shugaban ƙungiyar matuƙa a Anchorage.

Sai tsadar rayuwa ta shigo. Yarjejeniyar albashi ta cika wa'adinta tun shekara huɗu da suka wuce, kamfani na ta jan ƙafa a kan sabuwa, saboda haka kuɗin awar tuƙi ya tsaya cak, komai kuma yana gudu. Hayar gida ta tashi, man ɗumama ɗaki ya tashi. Sababbin matuƙa masu igiyar muƙami a kafaɗa suna kwana huɗu-huɗu a ɗaki ɗaya kamar 'yan makarantar kwana. Doka ba ta ba su damar yaji ba tukuna, sai ƙungiya ta sa ranar tsayuwa: waɗanda ba su da aiki ranar su fito cikin cikakken kaki, su jera a bakin titin filin jirgi da alluna, babu mai cewa uffan.

Ranar da safe matarsa Marlys ta same shi yana goge hularsa.

"Ina za ka da wannan kwalliya, tsoho? Yau ba hutunka ba ne?"

"Tsayuwa zan je."

"Wa ya gayyace ka?"

"Babu."

Ta ajiye kaskon ƙwai. "Vern, wata huɗu ya rage ka cika sittin da biyar su sallame ka. Ko an yi ƙarin nan ba za ka ci ko sisi ba. Za ka je ne a yi maka kallon hadarin kaji, ka dawo min da mura."

"To ki tanadi shayi."

Ta harare shi, sannan ta gyara masa wuyan riga da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Ta san ba kuɗi yake nema ba. So yake kafin ya ajiye kakin nan, ko sau ɗaya, ya tsaya a gefen da ya bari.

Mutum sun kai ɗari biyu a filin ajiye motoci, numfashinsu na tashi kamar hayaƙin tukunya. Da ya fito daga mota hira ta mutu. Ya taka har gaban akori-kurar da ake raba alluna, inda Gus ke tsaye da jan hanci da furfurar gira.

"Ka ɓata hanya ne, Kyaftin Tuttle? Ƙofar shiga aiki tana can. Ka fi kowa saninta."

Wasu suka yi dariya. Vernon bai motsa ba.

"Allo na zo karɓa."

"Ka san ƙarin nan ba zai riske ka ba."

"Marlys ta riga ka faɗa."

"Kuma sunanka ba zai fita daga littafi ba. Ko ni ba ni da ikon goge shi."

"Ban ce a goge ba. Na aikata, Gus. Allo kawai nake so."

Gus ya daɗe yana kallonsa. Abin da ke ransa shi kaɗai ya sani, wataƙila gidan nan da ya sayar. Daga bisani ya zaro allo ɗaya ya dangwara masa a ƙirji.

"Taku uku tsakaninka da na gabanka. Ba a magana, ba a murmushi. Wannan ai ka ƙware."

"Ina zan tsaya?"

"Bayana. In ka gudu in ji ƙarar takalminka."

Awa biyu suka yi a tsaye. Motoci na wucewa suna danna musu oda, jirage na tashi ta samansu, yatsun Vernon suka daskare a jikin sandar allo. Shiru ne irin wanda ya saba da shi, sai dai yau kowa yana cikinsa tare da shi, kuma daɗin da ya ji bai taɓa jin irinsa ba ko ranar da aka ba shi kyaftin. Ya koma gida da murar da Marlys ta yi masa alkawari.

Bayan mako uku kamfani ya dawo teburin tattaunawa. Aka ce za a ɗauki wata shida kafin a sa hannu, wato bayan Vernon ya ajiye aiki. Bai damu ba.

A tafiyarsa ta gaba zuwa Seoul, mataimakiyarsa Renata Sandoval ce, wadda ta yi shekara shida tana zama a damansa ba ta taɓa ce masa komai ba sai na aiki. Suka ɗaga, suka daidaita a saman teku, rana ta cika gilashi. Ta zuba kofi a kofi biyu, ta miƙa masa ɗaya ba tare da ta dube shi ba.

"Kyaftin, an ce 'yarka malama ce. Aji nawa take koyarwa?"

Vernon ya karɓi kofin. Ya duƙa yana duba ma'aunin mai, wanda lafiyarsa ƙalau, sannan ya ɗago.

"Aji uku," ya ce. "Bari in nuna miki hotonta."